Kafin ka cike JAMB: yadda za ka zaɓi jami'ar da aljihun gidanku zai iya ɗauka har ƙarshe

Duk shekara in lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo sai ƙannena da yaran unguwa su cika min zaure, kowa da wayarsa a hannu, Yaya wace jami'a zan sa, Yaya wane kos ya fi kawo kuɗi. Ni kuma tambayata ɗaya ce kuma ba sa son ta: wa zai biya, kuma shekara nawa zai iya jurewa yana biya? Nan take sai ka ga fuska ta canza, wai ai Yaya Allah zai hore. Ƙwarai kuwa Allah shi ke horewa, amma ko Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Shiga jami'a daban, zama cikinta har a fito daban, na ga yaran da suka ci jarabawa da maki mai kyau aka yi ta murna har da rabon alawa, aji biyu suka dawo gida shiru ba don sun faɗi ba sai don rajista ta gagara. To ga yadda nake zama da nawa ƙannen mu bi abin daki-daki.

Da farko, zauna da mai biyan

Ba da abokanka za ka fara shawara ba, da Baba za ka fara, ko Inna, ko Kawu, ko yayanka, duk dai wanda kuɗin zai fito daga aljihunsa. Na san da nauyi, a gidajenmu yaro ba ya tambayar uba nawa yake samu, kuma ba haka nake cewa ka yi ba. Ka samu lokacin da ya natsu, bayan isha'i haka, ka durƙusa ka ce Baba ina son in cike makaranta ne amma ba na son in ɗauko abin da zai zame mana nauyi, kamar nawa kake ganin za a iya ware min a shekara? Wani uban zai ce "kai dai tahi ka yi karatunka, mu munka san yadda za mu yi", to kar ka tsaya nan, ka bi ta wajen Inna, ita ta san gaskiyar tukunyar gidan.

Sannan ba nawa kaɗai ba, yaushe. Wannan ne mutane ke mantawa. Ma'aikaci kuɗinsa wata-wata ne, manomi kuwa sai kaka, mai albasa a Wurno ko Goronyo kuɗinsa na cikin rumbu yana jiran ta yi tsada, mai kiwo yana jiran layya. Ita ko fotal ɗin rajista ba ruwanta da kaka, in an buɗe an ba da makonni a rufe, wanda ya makara a ɗora masa tara. In ba a shirya ba sai a fitar da albasa a sayar lokacin da take arha ko a karyar da rago, asara biyu ke nan.

Ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku. Gida na farko kuɗin da ke tabbas. Na biyu wanda ake sa rai, kamar sikolashif da za ka nema. Na uku alkawari. Wani ɗan gwaggona an yi masa irin wannan, wani ɗan siyasa a yankinsu ya ce ya je duk inda yake so shi zai biya, yaro ya zaɓi makaranta mai tsada can nesa, shekarar farko an biya har da kuɗin mota, shekara ta biyu zaɓe ya zo mutumin ya faɗi, waya ta daina shiga. Gonar uwarsa aka jinginar, kuma duk da haka bai gama a can ba. Don haka da gida na farko kaɗai za ka zaɓi makaranta, sauran biyun in sun zo alhamdulillahi.

Na biyu, lissafin gaskiya

Yawancin yara in sun ce makaranta kaza tana da arha kuɗin rajista suke nufi, alhali rajista ita ce ƙaramar a ciki. Jami'o'in tarayya a hukumance ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai cajin da ake tarawa, na jarabawa, na laburare, na asibiti, na wasanni da sauransu, kuma tun 2023 da yawansu sun ƙara. Sabon ɗalibi ya fi tsoho biya, ga kuɗin amsa gurbi, ga sikirinin. Kada ka dogara da hoton jadawalin kuɗi da aka turo maka a WhatsApp, wani na shekara huɗu baya ne, ka shiga shafin makarantar da kanka ko ka nemi ɗan aji ɗaya na bana ya nuna maka silif ɗinsa na Remita, wato kafar da ake biyan kuɗin makaranta ta cikinta.

Bayan rajista sai ka jero: ɗaki, abinci, mota, handawut da fotokwafi, data, kuɗin ƙungiyar sashe, kayan aiki in kos ɗin na buƙata kamar farar riga ta ɗakin gwaji ko kwamfuta, sai firojek a shekarar ƙarshe wanda shi ma ba ƙaramin rami ba ne.

Bari in nuna maka yadda ƙaramin abu ke zama babba. A ce kana zaune a Mabera, kullum sai ka hau kabukabu ko adaidaita zuwa Dandima sannan ka shiga bas zuwa mazaunin dindindin na Danfodiyo, a ce zuwa da dawowa N1,000 misali kawai, kwana 5 a mako N5,000, mako 15 a semista N75,000, semista biyu N150,000. Ka ga kuɗin mota kaɗai na iya kamo rajista ko ya wuce ta, kuma ba ka sha ko ruwan leda ba a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin "ai a gida nake zaune ba na kashe komai" ya mutu. Wani lokaci gado a hostel ya fi zirga-zirga sauƙi, wani lokacin kuma ku haɗu ku uku ku kama ɗaki a wajen Dundaye ko Kwalkwalawa, ka zo da gero da shinkafa da mai daga gida. Ka lissafa duka biyun ka gani, kada ka yi zato.

In ka samu jimillar shekara ɗaya sai ka ninka da shekarun kos ɗin. Yawancin kwasa-kwasai shekara 4 ne, injiniya da noma da lauya 5, likitanci 6, likitan dabbobi ma 6. Mai lauya bayan biyar ɗin akwai makarantar horon lauyoyi da nata kuɗin mai nauyi. Sannan ka ƙara wani abu a kai don farashi ba ya tsayawa, ka kuma bar gurbin yajin aiki, na ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, a 2022 daga Fabrairu har Oktoba aka yi, wata takwas cur, na 2020 ma kusan wata tara, masu haya suna gida a zaune kuɗin ɗaki na ƙonewa.

Na uku, jera makarantun gefe da gefe

Mu a Sakkwato Allah ya rufa mana asiri ta wannan fannin. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta tarayya tun 1975 da asibitin koyarwarta, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga ta ilimi ta Shehu Shagari, ga kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A maƙwabta akwai ta tarayya a Birnin Kebbi da ta Gusau, da ta jihar Kebbi a Aliero. Gaba kuma BUK a Kano da ABU a Zariya waɗanda yara ke mutuwar so.

Abin da za ka duba: jami'ar jiha kusan kullum kuɗin ɗan jiha daban na baƙo daban, don haka ta jiharka ta fi maka sauƙi fiye da ta wata jihar. Ta tarayya ba ta raba kuɗi haka, amma nisa na da nasa kuɗin, zuwa Zariya da dawowa sau huɗu ko shida a shekara, ga hanyar Gusau zuwa Funtuwa kowa ya san zullumin da ke cikinta, ga shi in abinci ya ƙare ba mai aiko maka da kwano. Ta kuɗi kuwa, wato mai zaman kanta, ba yajin aiki gaskiya ne, amma in gida na farko a takardarka bai rufe kuɗin duk shekarun ba ka bar ta kawai, kuma ka sani bashin NELFUND da zan yi magana a kai bai shafi ɗalibanta ba.

Akwai kuma maganar samun gurbin kansa. Tsarin jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka ce suna baya a boko, kuma Sakkwato na cikinsu. Ma'ana ɗan Sakkwato ko Kebbi ko Zamfara da ya sa Danfodiyo yana da ƙofa fiye da in ya kai kansa Legas ko Ibadan. Rasa gurbi ma asara ce ta kuɗi, sabon fom, sabon lesin, shekara ta tafi.

Ga ƙannena mata kuwa ina ƙara tambaya ɗaya, a ina za ta kwana. In ba ta samu hostel ba wa za ta zauna wajensa, in lakca ta kai yamma ya za ta dawo. Iyaye da yawa ba kuɗin rajista ke sa su janye yarinya ba, wannan ne.

Na huɗu, takardu

Wannan gajere ne amma shi ke kayar da mutane. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da BVN da JAMB da sakamakon WAEC ko NECO, in nan Muhammad can Mohammed, nan Abubakar a tsakiya can a ƙarshe, kwamfuta ba ta san kai ɗan waye ba za ta tofar da kai. Ka karɓi takardar indijin daga ƙaramar hukumarku tun yanzu, ko Gwadabawa ce ko Tambuwal ko Isa, da takardar haihuwa, ka buɗe asusun banki da sunanka ba na yayanka ba. Ka ɗauki hoton kowace a ajiye a imel.

Kuma imel ɗin da lambar wayar su zama naka. Ƙanwata ta je wani kafe aka cike mata fom, mai kafen don sauri ya sa nasa imel, wata uku bayan nan aka turo gayyatar jarabawar tallafi can wajensa, ba mu sani ba sai da aka gama. Da na je masa magana cewa ya yi "wallahi Yallaɓai saƙonni sun yi yawa". Me zan ce masa.

Na biyar, inda tallafin yake

Fara da gida. Jiha na da hukumar ba da tallafin karatu ga 'yan asalinta, da ka samu lambar rajista ka je ofishinsu da takardunka ka shiga jerin, ka kuma riƙe shugabannin ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku don su ke fara jin an buɗe tantancewa. Sai dai kuɗin gwamnati kowace iri ce sai an saki ake gani, don haka gida na biyu za ka rubuta shi. In maraya ne kai ko gidan na cikin matsi sosai ka leƙa Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha ka tambaya, ba abin kunya ba ne, haƙƙi ne da Allah ya ware.

Sai NELFUND, asusun bashin karatu na tarayya, wanda shi ne aka fi yi min tambaya a kai. An sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilun 2024 aka buɗe fotal a watan Mayu. Tambayar farko da kowane uba ke yi a nan ita ce akwai riba? Babu ruwa a kai, abin da ka ci shi za ka biya. Dokar farko ta 2023 ta nemi masu tsaya maka da iyakar abin da gidanku ke samu, ta 2024 ta cire waɗannan. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, jami'a da foli da kwalejin ilimi. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta da ake turawa kai tsaye zuwa asusun makarantar ba hannunka ba, da kuɗin kashewa N20,000 a wata da ke shiga asusunka in ka nema. Za ka buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN, takardar adimishan da lambar ɗalibi, kuma sai makarantarku ta ɗora bayananka kafin fotal ta gane ka, in ta ce ba ta san ka ba ofishin da ke kula da harkar a makarantarku za ka je, ba kafe ba. Kowace shekarar karatu ake sake nema.

Biya kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 na albashinka ko abin da kake samu. To nan nake son ka buɗe ido. A ce rajistarka N100,000 ce a shekara, shekara huɗu N400,000. In ka haɗa da na kashewa, a ce wata goma a shekara, N200,000 sau huɗu N800,000, jimilla miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In ka fara aiki da mafi ƙarancin albashi N70,000, ana cire N7,000 a wata, sama da shekara 14 kana biya. In na rajista kaɗai ka ci, ƙasa da shekara biyar ka fita. Kuma dubu ashirin ɗin in ka raba da kwana talatin ba ta kai N700 a rana ba, taimako ce amma ba za ta riƙe ka ita kaɗai ba. Ni ra'ayina, wanda gida za su iya ciyar da shi ya ci na rajista kawai ya bar na kashewa, wanda kuwa in ba shi ba karatu zai tsaya ya ɗauki duka ba tare da wata-wata ba. Abin da ba na so shi ne masu cewa ai rabonmu ne na gwamnati ba wanda zai biya, bashi sunansa bashi, mu da aka koya mana tun muna allo yadda yake riƙe mamaci. Kuma in rajista za ta rufe kuɗin bai iso ba har ka biya da kanka, ka adana risit da RRR ɗinka, wato lambar biyan da Remita ke ba ka, da kyau, da su za ka nemi a mayar maka in nasu ya shigo.

Bayan wannan akwai na kyauta waɗanda ba a biya, amma kusan dukansu ƙoƙari suke bi. Hukumar tallafin karatu ta tarayya na neman ɗan aji biyu zuwa sama mai CGPA, wato matsakaicin makinsa na duk semistocin da ya yi, 4.0 cikin 5. Gidauniyar MTN na ɗaukar 'yan kimiyya da fasaha a aji uku masu 3.5 zuwa sama, tana da na makafi ma. Kamfanonin mai irin su NLNG da TotalEnergies da Shell da Seplat kan buɗe nasu, da jarabawa a kwamfuta. Tallafin asusun gwamnati na PTDF na fannonin da suka shafi mai da iskar gas ne. Asusun TETFund kuwa na malaman manyan makarantu ne da gine-gine, duk wanda ya ce zai samo maka shi kana ɗan aji ɗaya ƙarya yake. Ka lura da abu ɗaya a nan, sakamakonka na aji ɗaya shi ne tikitin, yaron da ya shiga ya ce bari in huta tukuna na sha wahalar JAMB, semista biyu ya tara kari-oba, ya rufe wa kansa duk waɗannan ƙofofin tun bai san da su ba. Kuma yaranmu ba sa nema, kunya ko kasala ko "ai sai mai hanya", alhali wasu ana raba su ne jiha-jiha, kai da 'yan jiharku za ka kara.

Masu mafarkin waje

Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai N500 ba, farkon 2024 ta haura N1,500, wanda ya tura ɗansa da lissafin da ya tashi ya ga kuɗin ya ninka uku. Yaƙin Sudan a Afrilun 2023 ya koro ɗalibanmu da yawa, wasu suna dab da gamawa. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan tonon asirin digirin Kwatano. Don haka in da kuɗin gida ne ka yi tunani sau goma, ka kuma tabbatar ana amincewa da takardar a nan, mai likitanci ya san in ya dawo sai ya ci jarabawar hukumar likitoci kafin ya taɓa maras lafiya. Cikakken tallafi shi ne abin nema, irin na Jami'ar Musulunci ta Madina da sauran na Saudiyya, ko na gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu, kuma nemansu kyauta ne a shafinsu. Tallafin Chevening na Ingila sai mai digiri na farko. Ka nema, amma ka cike JAMB ɗinka kamar ba ka nema ba.

Duk wanda ya ce ka turo dubu biyar a sa sunanka a jerin sikolashif, ko ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka, ɓarawo ne ko da hoton ofis ya sa a furofayil.

In lissafin ya ƙi fita

Wani lokaci za ka jera komai ka ga bana dai ba hali. Akwai hanyar zagaye, NCE ko difloma ta ƙasa a nan cikin gari kana kama ɗan aiki ko sana'a da yamma, ɗinki, gyaran waya, koyarwa a islamiyya, in ka gama da sakamako mai kyau ka shiga jami'a ta DE, wato shiga kai tsaye, daga aji biyu. Akwai kuma buɗaɗɗiyar jami'a, NOUN, ga mai aiki ko matar aure. In kuma ka riga ka cike fom ka gane ka zaɓi abin da ya fi ƙarfinku, JAMB na ba da damar canjin makaranta ko kos, ka je cibiyar da aka amince da ita ka canza da wuri tun makarantar da kake so ba ta rufe nata sikirinin ba.

Ranar da gurbi ya fito a CAPS, shafin JAMB da ake amsa gurbi a ciki, kada zumuɗi ya sa ka danna amincewa a tsaye bakin titi, don in ka amsa wata makarantar ba za ta ƙara duba ka ba a wannan shekarar. Ka koma gida ka ɗauko takardar nan mai gida uku, ka kira ɗan aji ɗaya na can ya sake faɗa maka kuɗin bana da na hostel, ka karanta wa Baba jimillar da bakinka yana ji Inna na ji, in ya ce bismillah sai ka danna.